FASHIN BAƘI: Wane gilashin kyamara ya dace da hoton fuska idan aljihu ba nauyi?

Takardar jefa ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da fuskar kowa, tambarin jam'iyya ne kawai da gajeren sunanta. Fuskar ɗan takara a bango ake saninta, a jikin fasta da allon talla, sai kuma Facebook da WhatsApp da TikTok, inda hoto guda kan zagaye mazaɓa tun kafin mai shi ya sa ƙafa a cikinta. Tun da aka sa hannu kan dokar rage shekarun tsayawa takara a watan Mayun 2018, wadda ta sauko da shekarun neman kujerar majalisar wakilai da ta dokokin jiha daga 30 zuwa 25, an samu matasa da suka shiga fage ba tare da kuɗin zuwa babban situdiyo ba. Mai ɗaukar su hoto galibi matashi ne ɗan'uwansu, riƙe da kyamarar da ya saya ta hannu, wanda ranar Asabar yana wurin kamu ko ɗaurin aure, ranar Litinin kuma yana bayan mai neman kansila.

Irin wannan matashi yakan zo wata gaɓa inda hotunansa suka ƙi wuce wani matsayi. Fuska tana fitowa, amma tarkacen da ke bayanta ma suna fitowa tar, kwata da wayar lantarki da babur ɗin wani. Da yamma ta yi hoton ya dushe. Nan da nan sai zargi ya hau kan kyamara, alhali mafi yawan lokuta gilashin da ke gabanta ne ya kai iyakarsa.

Yawancin ƙananan kyamarori suna zuwa ne da gilashi mai zuƙowa wanda aka rubuta wa 18-55mm f/3.5-5.6. Ba shi da laifi a rana tsaka, amma ba don fuska aka ƙera shi ba. Sauya shi kuwa ba ƙaramar shawara ba ce a yau. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Gilashin da ake sayarwa dala 125 a Amurka ya zama kusan naira 190,000 a wannan lissafi, kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wanda ya sayi gilashin da bai dace da shi ba ya yi asarar gumin wata da watanni.

Tazara ce ke gyara fuska

Lambar farko da ke jikin kowane gilashi, wadda ake aunawa da milimita, ita ke nuna faɗin abin da yake gani. Ƙaramar lamba, kamar 18 ko 24, tana kwaso fili mai faɗi. Babbar lamba, kamar 85 ko 135, tana tsuke fili ta jawo na nesa kusa.

Ana yawan cewa gilashi mai faɗi yana kumbura hanci, dogo kuma yana gyara shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma asalin abin tazara ce. Idan aka matso da kyamara dab da fuska, hanci ya fi kunnuwa kusa da ita da rata mai yawa, sai ya fito ƙato, kunnuwa su tsuke, goshi ya turo. Idan aka ja baya mita biyu, wannan ratar ta zama ba komai ba, kowace gaɓa ta koma girman da ido ya saba gani. Wani bincike da wasu masana a Amurka suka wallafa a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30, irin wanda mutum ke yi wa kansa da waya, yana ƙara wa faɗin hanci kusan kashi 30 cikin 100. Aikin dogon gilashi shi ne ya ba mai hoto damar tsayawa nesa, fuskar kuma ta cika hoton duk da haka.

Shi ya sa masu sana'ar suka daɗe da tsayawa tsakanin 85 da 135 don hoton kai da kafaɗa. Fitaccen hoton nan na yarinya 'yar gudun hijirar Afghanistan mai korayen idanu, wanda Steve McCurry ya ɗauka a 1984 a Pakistan, ya fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yunin 1985, da gilashin Nikon mai lamba 105mm f/2.5 aka yi shi. Hoton hukuma na Barack Obama na 2009, wanda Pete Souza ya ɗauka, shi ma a kan 105 aka yi shi.

A ƙasar Hausa tazara tana da wata fa'idar ta daban. Ba a cusa wa dattijo kyamara a fuska, balle basarake da ke cikin rawani da fadawa kewaye da shi. Amarya mai kunya takan sake idan mai hoto yana can gefe, ta kuma ƙame idan ya tsaya mata a ka. Dogon gilashi yana barin mutum ya yi aikinsa cikin ladabi.

Sai dai akwai wani tarko da ke cin sababbin shiga. Waɗancan lambobi an gina su ne a kan kyamarar da faifan ɗaukar haskenta, wato sensa, yake da cikakken girma, milimita 36 da 24, irin su Canon 5D da 6D, Nikon D750, da jerin Sony a7. Kyamarorin da suka fi yawa a hannun matasa, irin su Canon 600D, 700D da 2000D, Nikon D3200, D3500 da D5600, ko Sony a6000, ƙaramin sensa gare su, wanda ke yanke gefen hoto. A kan Nikon da Sony da Fujifilm ana ninka lambar gilashi sau 1.5 kafin a san yadda zai gani, a kan Canon sau 1.6. Ke nan gilashin 50 a kan ƙaramar Nikon yana gani kamar 75, a kan ƙaramar Canon kamar 80. Wannan albishir ne ga mai ƙaramin jari, domin gilashin da ya fi kowanne araha a kasuwa ya faɗo daidai inda ake son gilashin fuska ya kasance.

Lambar f da abin da take saye

Lamba ta biyu, mai harafin f a gabanta, ita ce girman ƙofar da haske ke bi. Lissafinta a juye yake: ƙanƙantar lamba, girman ƙofa. Daga f/1.4 zuwa 2, zuwa 2.8, zuwa 4, zuwa 5.6, kowane mataki yana rage haske da rabi. Gilashin da ya zo da kyamara, idan an zuƙo shi zuwa 55, ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Wanda ke buɗewa zuwa f/1.8 yana shigo da hasken da ya ninka wannan kusan sau goma. A ɗakin taro mai ƙwai biyu, ko a zaure bayan la'asar, wannan shi ne bambancin hoton da za a buga da wanda za a goge.

Matsalar ta girmi kowa. Lokacin da aka fito da fasahar hoto a Faransa a 1839, sai mutum ya zauna mintoci da dama ba motsi kafin surarsa ta kama, abin da ya sa hoton fuska ya yi wuya ƙwarai. A 1840 wani masanin lissafi a birnin Vienna, Joseph Petzval, ya tsara gilashi mai ƙofar f/3.6 wanda haskensa ya ninka na gabaninsa fiye da sau goma, zaman ya koma ƙasa da minti guda. Daga nan situdiyoyin hoton fuska suka bazu.

Babbar ƙofa tana da aiki na biyu, wanda shi ne ya fi jan hankalin matasa: tana narkar da bayan mutum, ya fito shi kaɗai kamar an ɗora shi a kan labule. Amma abin yana da farashi. Gilashin 85 a buɗe a f/1.8, a kan kyamara mai cikakken sensa, daga tazarar mita biyu, zurfin wurin da ke fitowa tar bai wuce santimita 6 ba. Idan saiti ya hau kan ido, kunne ya fara dushewa. Idan mutum ya ɗan karkata, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya yi hazo. Aikin zaren da ke jikin hula, wanda mai ita ya kashe kuɗi a kansa kuma yake son a gani, sai ya narke tare da bango. Haka ɗaurin kallabi da sarƙar wuya. Idan mutum uku ne a jere, ɗan takara da mataimakinsa da shugaban jam'iyya, ɗaya zai fito, biyu su yi fushi.

Wancan hoton na Obama a f/10 aka ɗauke shi. Wanda zai buga fasta mai tsawon mutum yana buƙatar fuskar ta fito tar daga hanci har kunne, kuma f/2.8 zuwa f/5.6 ya fi masa. Ƙari a kan haka, gilasai masu araha ba su cika kaifi ba idan an buɗe su gaba ɗaya, kuma sukan bar wani ɗan layi mai launin shunayya a gefen farar shadda idan rana ta haske ta. Da an ɗan tsuke ƙofar zuwa f/2.8 yawancin wannan yakan tafi. Saboda haka biyan ninkin kuɗi don samun f/1.4, balle f/1.2, ba shi ne abin da mai farawa ke buƙata ba. Gilashin Canon RF 85mm f/1.2 ya fito a kan kusan dala 2,700. Mai wucewa a kan babur da zai kalli fasta na daƙiƙa biyu ba zai ga inda kuɗin ya shiga ba.

Hamsin, tamanin da biyar, ko talatin da biyar

Ga mai ƙaramar kyamara da ƙaramin jari, 50mm f/1.8 ne ya kamata ya zama sayayyar farko, kuma da wuya a samu mai ja da wannan. Ba ya zuƙowa, ƙafa ce ke matsowa ta ja baya, kuma rashin wannan tarkacen ne ya sa yake da araha da kaifi a lokaci guda. Tsarinsa tsoho ne da aka daɗe da ƙwarewa a kansa, ana kuma ƙera shi da yawa. Canon ta fitar da EF 50mm f/1.8 STM a 2015 a kan kimanin dala 125, ya maye gurbin wanda ya fito a 1990 mai bakin roba. Na Nikon, AF-S 50mm f/1.8G, ya fito a 2011 a kan kimanin dala 220. Na sababbin kyamarorin Canon marasa madubi, RF 50mm f/1.8, ya zo a 2020 a kan kusan dala 200. Na hannu sukan yi ƙasa da haka.

Gilashin 85mm f/1.8 shi ne mataki na gaba. Na Canon ya fito a 1992, na Nikon mai harafin G ya fito a 2012 a kan kusan dala 500. A kan cikakken sensa babu kamarsa a wannan farashi. A kan ƙaramar kyamara kuwa yana gani kamar 130, abin da ke da daɗi a filin taro ko wurin hawan sallah inda dogarai ba za su bari a matso ba, amma ya zama ƙarfen ƙafa a cikin gida. Lissafin mai sauƙi ne. Don a ɗauki mutum a tsaye daga hula zuwa takalmi da ƙaramar kyamara, gilashin 85 yana buƙatar sama da mita 7 tsakanin mai hoto da wanda ake ɗauka. Na 50 yana buƙatar sama da mita 4. Na 35 kimanin mita 3. Shagon da aka saba mayarwa situdiyo, ƙafa goma sha biyu ta kowane gefe, bai kai mita 4 ba, kuma sai an bar fili tsakanin mutum da labule. A irin wannan ɗaki 50 zai ba da rabin jiki kawai, 85 kuwa sai dai mai hoto ya fita titi.

Wanda yawancin aikinsa a cikin ɗakuna yake, ko wanda ke ɗaukar mutane tare da wurin sana'arsu, maƙeri da maƙerarsa, mai koko da tukunyarta, ya fi dacewa da 35. Nikon tana da AF-S DX 35mm f/1.8G da ya fito a 2009 a kan kimanin dala 200. Sharaɗinsa ɗaya, kada a matsa da shi kusa da fuska. Masu Sony da Fujifilm kuma suna da Sigma 56mm f/1.4 na 2018, wanda aka yi musamman don ƙaramin sensa. Ya fi hamsin na gama-gari tsada, amma ya ci kuɗinsa.

Sai kamfanonin China. Yongnuo yana yin 50mm f/1.8 mai kama da tsohon na Canon a farashin da ya yi ƙasa da na asali sosai. Yana aiki, sai dai injin saitinsa yana da ƙara da jinkiri, kuma ingancin wani ya kan bambanta da na wani ko da daga kwali ɗaya suka fito. Viltrox ya fi shi suna wajen inganci, musamman a kan kyamarori marasa madubi. Wanda bambancin kuɗin bai fi ƙarfinsa ba, na asali na hannu mai lafiya ya fi masa sabon Yongnuo, ko don ranar da zai so ya sayar.

Baki ya dace da baki

Nan ne kuɗi suka fi salwanta. Kowane kamfani yana da irin bakin da gilashinsa ke shiga, kuma ko a kamfani ɗaya bakin ba ɗaya ba ne. Canon tana da EF tun 1987, ta kawo RF a 2018. Gilashin EF yana hawa kyamarar RF da adafta kuma yana aiki lafiya, amma na RF ba ya komawa kan tsohuwar kyamara. Gilashin EF-S na ƙananan kyamarori ba ya shiga 5D ko 6D. Akwai kuma EF-M na irin su M50, layin da kamfanin ya daina ci gaba da shi, kuma gilasansa ba sa hawa RF ko da adafta.

Masu Nikon suna da nasu ramin. Akwai 50mm f/1.8 mai harafin D a ƙarshe, wanda ya fi mai harafin G araha, shi ya sa yake saurin shiga ido. Ba shi da injin saiti a cikinsa, da na jikin kyamara yake dogaro. Jerin D3000 da D5000 kuwa ba su da wannan injin. Gilashin zai shiga, zai ɗauki hoto, amma saiti sai da hannu, a ƙofar da kuskuren santimita biyu ke ɓata ido. A kan D7000 ko D750 yana aiki daidai. A kan sababbin Nikon Z, ko da adafta, saitin hannu ne dai.

Akwai masu sha'awar tsofaffin gilasai na zamanin fim, irin su Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet mai lamba 58mm f/2, wanda ke murɗa bayan hoto kamar guguwa. Suna da araha, kuma suna hawa kyamarori marasa madubi da adafta mai sauƙin kuɗi. Abin wasa ne mai daɗi ga wanda ke da lokaci. Ranar da ɗan takara ya ba da minti biyar tsakanin taro da taro, ba shi ake ɗauka ba.

Abin da gilashi ba zai gyara ba

Baƙar fuska a cikin farar babbar riga tana rikita awon hasken kyamara. Farin ya yi mata yawa, sai ta rage haske, fuskar ta nutse. Wasu sukan ɗora laifin a kan gilashi, wasu kuma su zauna a kwamfuta su yi ta goge fuskar har ɗan takara ya fito da launin da ko iyalinsa ba su san shi da shi ba, kamar yadda ake gani a fastoci da yawa. Maganin yana wurin haske: a sa mutum a inuwar da ke fuskantar sarari, ko kusa da taga, a riƙe farin kwali ko farin zane ta ƙasa ya mayar da haske kan fuska, a kuma auna daga fatar mutum. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yawancin hotunan da suka sa duniya ta san shi a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana da zanen atamfa a baya.

Kafin a miƙa kuɗi

Yawancin gilasan da ke yawo a kasuwannin kayan lantarki, daga Computer Village da ke Ikeja zuwa shagunan Abuja da Kano, da waɗanda ake tallatawa a intanet, na hannu ne. Ba aibu ba ne, gilashi yakan yi shekara ashirin yana aiki. Amma ba a sayen sa daga hoto. Mai saye ya je da kyamararsa, ya ɗaura, ya ji ko ya zauna daram. Ya cire, ya haska fitilar waya ta baya ya leƙa ta gaba. Ƙwayoyin ƙura kaɗan ba sa fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke kama da zaren gizo-gizo a cikin gilashin, da kuma hazo mai kama da tururi. Fumfuna tana yaɗuwa, tana cin rufin gilashi, kuma kuɗin wanke ta kan kusa kuɗin gilashin kansa. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa nesa ba kusa ba.

Daga nan ya duba ganyayyakin ƙofar haske, su kasance a bushe ba maiƙo, suna buɗewa da rufewa ba jinkiri. Ya murza zoben saiti ya ji ko akwai yashi a ciki. Ya liƙa shafin jarida a bango ya ɗauka a f/1.8 da f/4, ya zuƙo hoton ya ga ko rubutun gefen dama da na hagu sun yi kaifi daidai. Idan gefe ɗaya ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa. A ƙarshe ya ɗauki fuskar mai shagon sau goma yana saiti a kan ido, ya ƙirga sau nawa idon ya fito.

Yaƙin neman zaɓe a Najeriya ya saba faɗowa cikin hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina. Goge gilashi da gefen riga a irin wannan yanayi daidai yake da goga masa yashi. A fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi da aka ajiye don wannan kawai. Idan za a sauya gilashi, a juya bakin kyamara ƙasa, a kuma yi a cikin mota ko ɗaki. Da damina kuwa laima ce abokiyar gaba. Kada a bar gilashi a rufe cikin jaka mako da makonni. A sa shi a robar da ke rufuwa ruf, tare da ƙananan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa shanya ƙullin a rana lokaci zuwa lokaci.